Yadda Alhaji Sabi'u Ya Ci Akwatin Ingila da Yaƙi

Tun daga ranar da aka fara shimfiɗa kwalta a ƙasar Hausa har zuwa wannan zamani namu na ramuka, ba a haifi direban da ya kai Alhaji Sabi'u Maikano Funtuwa ba, kuma babu wata hukuma a doron ƙasa, ta gabas ko ta yamma, da ta taɓa karɓar ko sisin kwabo daga hannunsa da sunan tara. Wannan magana tabbatacciya ce. Shi da kansa ya faɗe ta, a gaban shaidu, ba sau ɗaya ba.

Shi ne Sabi'u ɗan Maikano, Maikanon da ya yi shekara talatin yana jan gingimari tsakanin Funtuwa da Ikko ba tare da ya taɓa dogara ga birki ba, sai ga Allah. Maikano ɗan Madugu Tanimu, wanda ya kai jakuna sittin Gwanja ya komo da hamsin da tara, da goro, da dogon bayani a kan na sittin ɗin. Tanimu ɗan Ɗangwani, wanda tarihi bai riƙe komai a kansa ba face cewa kullum cikin sauri yake, kuma ba a san inda za shi ba. Daga wannan tsatso mai albarka aka samu gwarzonmu: angon totur, maƙiyin birki, mai mayar da Zariya bayan gida, wanda kajin Giwa da na Shika ke gane ƙarar motarsa tun daga nesa su yi bankwana da iyalansu, mataimakin darakta mai ritaya a wata ma'aikata da har yau ba ta lura ya bar ta ba.

Alhaji yana da mazhabarsa a kan dokar hanya, kuma ya sha karantar da ita kyauta a majalisar ƙofar gidansa. A wajensa, allon da ke cewa kada a wuce gudu kaza ba umarni ba ne, shawara ce da aka tanada domin 'yan koyo da masu hawan jini. Ita kuwa doka, in ji shi, mutum ce: tana da ciki, tana da garin haihuwa, tana da oga a bisa kanta, kuma tana amsa gaisuwa. Idan jami'i ya ɗaga maka hannu, ka tsaya, ka sauke gilashi, ka tambaye shi aiki da iyali da zafin rana, ka binciko garinsu har ka gano wani da kuka sani tare, ko da mamaci ne. In hakan bai wadatar ba, a yi musafaha mai ɗan nauyi. Babban rukunin mazhabar, wanda ya fi nanatawa yana buga sanda a ƙasa, shi ne: namiji ba ya wuce jami'in da ya gan shi. A gama magana a bakin hanya, domin maganar da ta kai ofis sai ta haihu, ta yi jikoki. Da wannan ilimi ya yi shekara talatin da takwas a bisa kwalta ba a taɓa yanka masa rasit ba.

Ana nan sai Allah ya ƙaddara fita zuwa ƙasar Ingila. 'Yarsa Barira, ma'aikaciyar jinya a can, ta haifi ɗa namiji, sai Alhaji da matarsa Hajiya Kulu suka hau jirgi domin suna. Mijin Barira shi ne Nazifi, mutum mai sanyin murya, wanda ya karanta injiniya a jami'a har digiri biyu, shi ya sa yake tuƙa tasi. Wajibi ne mai karatu ya san abu biyu game da Nazifi. Na farko, lasisinsa na tuƙi shi ne gonarsa da rumbunsa: da shi ake biyan haya, da shi ake aika wa mahaifiyarsa kuɗin magani a Malumfashi. A ƙasar kuwa, duk laifin gudu ana rubuta wa direba maki, idan makin ya cika goma sha biyu sai a karɓe lasisi. Nazifi ya yi shekara bakwai yana rarrafe a titunan Ingila kamar mai ɗauke da ƙwai, bai taɓa samun maki ko ɗaya ba. Na biyu, Nazifi bai taɓa furta sunan surukinsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Lokacin da ya je neman auren Barira ba shi da komai sai takardun makaranta da takalmi ɗaya, Alhaji ya dube shi ya ce, "Na ba ka, kada ka kawo mini akwati ko ɗaya." Tun ranar nan Nazifi bai ƙara miƙewa sosai a gaban Alhaji ba.

Ranar suna, bayan an idar da sallar asuba, aka raɗa wa jariri Sabi'u. Da yake babu wanda zai iya kiran sunan a gidan, sai aka yi masa laƙabi da Halifa. Alhaji ya kumbura har babbar rigarsa ta yi masa kaɗan. Yana cikin wannan hali na ɗaukaka ne ya tambayi inda aka ɗaure ragon suna, domin ya duba haƙoransa.

Nazifi ya durƙusa, idonsa a kan kafet, ya bayyana cewa rago yana wata gona mai nisan mil arba'in, wajen wani mahauci Musulmi, an riga an biya ta waya, za a yanka a kawo naman a kwali.

"Ta waya," in ji Alhaji.

"Na'am, Baba."

"Ragon takwarana. A kwali. Kamar taliya." Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. "Injiniya, miƙo mini makulli."

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya gudana a zuciyar Nazifi a wannan daƙiƙa, amma sun haɗu a kan cewa bakinsa "To, Baba" ya ce. Ya miƙa makullin ƙaramar motar gida da hannu biyu, motar da ke ɗauke da sunansa a takardun hukuma. Barira ce ta yi ƙarfin halin leƙowa daga ɗaki ta ce, "Umma, don Allah ki bi shi, ki riƙa tuna masa hagu ake bi a titin ƙasar nan." Haka rundunar ta kammala: sarkin yaƙi ɗaya, da Hajiya Kulu da carbinta, da wata muryar Baturiya a cikin waya wadda aka ɗora wa alhakin nuna hanya, wadda kuma Alhaji ya tsige daga muƙaminta tun a shataletale na biyu saboda ta cika ba da umarni babu sallama.

Ya ku masu sauraron labaran mazaje, da kun ga fitar nan! Sama ta lulluɓe da gajimare kamar yadda ta saba a ƙasar tun zamanin Annabi Nuhu, yayyafi na sauka, Turawa na tafe a layi ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi kamar masu rakiyar gawa, sai ga ɗan Maikano ya faɗo cikinsu, ya keta sahunsu na dama, ya tarwatsa na hagu, ya danna ham a ƙasar da ba a danna ham sai an yi niyyar saki, yana duban agogon gudu yana girgiza kai cikin takaici, domin duk yadda ya taka totur allura ta ƙi wuce casa'in.

"Kin ga motar da yaron nan yake sa 'yata a ciki? Casa'in! Ni da nake shan ɗari da arba'in kafin in gama addu'ar tafiya."

Babu wanda ya gaya masa cewa agogon nan mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, kuma casa'in ɗin da ya raina ta ɗara ɗari da arba'in ɗinsa na gida. Hajiya Kulu ba ta san wannan lissafi ba, amma cikinta ya sani. Ta ce, "Alhaji, hagu," ta koma ga carbinta.

Allah ya rufa asiri a babbar hanya. Ƙaddara tana jira ne a wani ɗan ƙauye mai gidajen dutse da majami'a da makarantar yara, inda allo ya ce talatin. Alhaji ya karanta allon, ya gode da shawara, ya shige da hamsin da takwas. A daidai nan wani haske ya walƙa, fari fat, sau biyu, kamar walƙiyar da ba ta da tsawa.

Ƙaramin direba da ya ci gaba da tafiya. Amma Alhaji ya taka birki, abin da bai yi da zuciya ɗaya ba tun shekarar da aka yi kusufin rana, ya gangara gefen hanya, ya kashe mota.

"An gan mu," in ji shi, cikin natsuwar gwani da aka kawo wa aikinsa. "Ki zauna ki ga yadda ake yi."

Ya fito, ya saɓa babbar riga, ya taka da ƙasaita zuwa inda hasken ya fito. Abin da ya tarar shi ne wani akwati ruwan ɗorawa a bisa doguwar sandar ƙarfe, mai ido biyu, ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma. Kada mai karatu ya zaci Alhaji bai san kyamara ba. Mutum ne da ya yi jami'a, ya halarci taron bita a Abuja har sau goma sha ɗaya. Ya san kyamara sarai. Abin da ya sani kuma, wanda Turawa suka manta, shi ne babu kyamarar da ba ta da mai ɗauka, babu injin da ba shi da mai riƙe da makullinsa, kuma mai makullin nan ba ya nisa da inda abinci yake. Saboda haka ya yi sallama. Ya ƙara da gaisuwar Turanci. Ya zagaya bayan sandar, ya leƙa cikin shingen furanni, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa. Wata tunkiya ta dube shi daga bayan katanga, ta ci gaba da kiwonta.

Ya komo mota yana murmushin wanda ya gano dabarar abokin gaba.

"Ɓuya ya yi. Irin namu ne na kwanar Giwa, masu laɓewa bayan mangwaro. Ba ya fitowa sai ya ji mota da gudu."

"Alhaji, mu tafi mu ɗauko ragon mutane."

"In wuce jami'in da ya gan ni? Ki bari magana ta kai ofis da lambar motar Injiniya? Kulu, ina da mutunci."

A lura da wannan, domin adalci: duk abin da ya biyo baya, Alhaji ya yi shi ne don ya kare surukinsa.

Sai aka buga tambarin hari na biyu. Gwarzo ya juya kan mota, ya koma bayan gari har wajen wata gada, ya ja numfashi, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya saki totur, ya nufo akwatin da sittin da huɗu yana kirari da ƙarfi, "Fito, ga ɗan Maikano!" Haske ya walƙa. Ya take birki, ya yi tsalle waje da saurin da gwiwarsa ba ta yarda da shi ba, ya ruga bayan shinge. Babu kowa. Hajiya Kulu ta matsar da ƙwayar carbi ta biyu gefe, ta riƙe ta da babban yatsa.

Hari na uku ya zo daga yamma, domin a mamayi abokin gaba ta inda bai zata ba. Akwatin, da yake yana da ido ta nan ma, ya amsa. A hari na huɗu Alhaji ya sauya salo: ya sauke gilashi, ya fito da hannu ya ɗaga sama alamar sulhu da girmamawa, ya wuce da saba'in cif yana murmushi, don jami'in ya gane cewa da babban mutum yake hulɗa. Tsakanin hari da hari kuma bai manta da haƙƙin 'yan'uwantaka ba: duk motar da ta tunkaro sai ya walƙa mata fitila don ya gargaɗe ta cewa akwai hukuma a gaba, su kuwa Turawa, da yake a wajensu hakan na nufin an ba ka hanya ne, sai su ɗaga masa hannu suna godiya. Alhaji ya ce, "Kin gani? Sun fara sanina."

Bayan hari na huɗu ne Allah ya kawo abin da ake nema. Wani tsohon Bature mai hular ulu da sanda da wani kare mai dogayen kunnuwa ya tsaya a bakin hanya, ya buɗe baki yana kallo tun hari na biyu. Alhaji ya nufe shi da fara'a, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambaye shi aiki da iyali da sanyi, cikin Turancin ma'aikata na da, mai kama da wasiƙar neman ƙarin girma. Sa'an nan ya tambaya, a sakaye, ko ya san wanda ke da alhakin wannan akwati.

Tsohon ya miƙe wuya. Ya ce ai shi ne ya yi shekara shida yana rubuta wa hukuma wasiƙa, yana tara sa hannun mutanen ƙauye, har aka zo aka kafa shi, saboda yaran makaranta da ke tsallaka titin. Ya ƙara da wasu maganganu masu zafi game da abin da idonsa ya gani yanzun nan, amma da yake Bature ne, zafin ya fito da sigar ban haƙuri, sai Alhaji ya ɗauke su a matsayin buɗe ciniki.

Ya komo wajen Hajiya fuskarsa na haske. "Alhamdu lillahi. Mai abin ke nan. Shi ya kawo aikin garin."

Kowa ya san cewa a ƙasarmu wanda ya kawo aiki shi ke da aiki. Wanda ya kawo rijiyar burtsatse shi ke riƙe makullinta, wanda ya kawo taransifoma layinsa ba ya rasa wuta. Ba laifin Alhaji ba ne idan Ingila ta kauce wa wannan tsari na hankali. Ya roƙi tsohon ya jira shi nan da sa'a ɗaya. Ya dubi girman mutumin da furfurarsa ya ga cewa musafaha mai nauyi za ta zama raini. Irin wannan sai da abin da ya yi jini.

Aka isa gona. Alhaji ya duba haƙoran rago, ya same su da aibi, ya yafe. Aka yanka a gabansa, aka feɗe, ya sa aka ware masa cinya guda, mafi tsoka, aka naɗe ta daban. A hanyar komowa, saboda kada ya saɓa alkawari ya bar dattijo yana jira a cikin yayyafi, ya shigo ƙauyen da sittin da tara. Akwatin ya yi masa barka da dawowa. Hajiya Kulu ta matsar da ƙwaya ta biyar.

Tsohon yana nan kuwa, ba don alkawari ba, sai don gidansa ke nan a bakin titin. Alhaji ya ɗora masa cinyar rago a hannu, ya dafa kafaɗarsa, ya ce an yi masa takwara ne yau, a sa wa yaro albarka, sauran magana kuma ya bar ta a hannun manya. Ya kashe ido ɗaya. Tsohon ya tsaya riƙe da cinya har motar ta ɓace. An ruwaito cewa tsohon ba ya cin nama saboda likita ya hana shi. Karen ne ya yi kwana huɗu a kanta, kuma shi kaɗai ne a duk faɗin Ingila aka tabbatar ya karɓi na goro a wannan al'amari.

Aka yi suna lafiya. Baƙi suka lura ragon ƙafa uku gare shi, suka yi kawaici.

Bayan kwana goma sha biyu, saura kwana biyu baƙi su koma gida, da hantsi, ambulan biyar suka faɗo ta ramin ƙofa a tare, da ƙarar da ta yi kama da tafi. Barira ce ta tsince su. Ta kira mijinta kicin, ta rufe ƙofa, ta shimfiɗa su a kan tebur kamar katin asibiti. Kowace takarda na ɗauke da rana ɗaya, ƙauye ɗaya, da hoto. A hoto na huɗu ana ganin hula zanna, da hannu a sama, da haƙora. A ƙasan kowace takarda akwai fili da aka bari, inda hukuma ke neman mai mota ya rubuta cikakken sunan wanda ke tuƙi. In ya rubuta, laifi ya bi mai shi. In ya ƙi, laifin ya hau kansa, har da ƙari.

"Abban Halifa, ga biro," in ji Barira.

Nazifi ya dubi biron kamar an miƙo masa maciji.

"Suna ne kawai. Jibi zai hau jirgi. Me za su yi masa a Funtuwa, su aika masa akwatin ta waya?"

"In rubuta sunan Baba. Da hannuna. In kai ƙararsa wajen hukuma."

"Ba ƙara ba ce, fom ne!"

"Maman Halifa, ɗana ma ban iya kiran sunansa ba saboda shi. Sai a takardar 'yan sanda zan fara?"

"To ni in rubuta. Ubana ne, na san yadda ake rubuta shi."

"Sa hannuna za a bi. Ki rage murya, yana falo."

"Lasisin nan shi ne tuwonmu fa. Hayar gida, maganin Inna, madarar wannan da ake ta kunyar sunansa. Kunya za mu dafa?"

Nazifi ya ture biron gefe. Amma a yi masa adalci, ya gwada. Ya tattara takardun, ya sa a aljihu, ya shiga falo, inda Alhaji ke kishingiɗe da takwaransa a ƙirji yana koya masa yadda ake riƙe sitiyari. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, dama... game da ƙauyen nan ne na hanyar gona."

"Ah, Injiniya! Hajiya ta gaya maka? Na so in ɓoye, ba na son godiya." Alhaji ya gyara kwanciya. "Na gyara maka hanyar nan gaba ɗaya. Duk ranar da ka bi, ko ɗari kake yi, ka nemi dattijo mai kare ka ce kai surukina ne. Ku yaran yanzu kun yi boko amma ba ku san mutane ba. Shekara bakwai kana ƙasar nan, ko jami'i ɗaya ba ka da shi."

Nazifi ya dubi kafet. Kafet ɗin bai ba shi shawara ba.

"Allah ya ƙara girma, Baba," in ji shi. "Allah ya bar mana ku."

A filin jirgi, Alhaji ya yi gaba yana yi wa masu duba fasfo bayanin yadda za su inganta aikinsu, sai Hajiya Kulu ta ja baya ta tsaya kusa da surukinta, tana duban wani wuri daban kamar yadda ya dace.

"Sau biyar na ƙirga," in ji ta.

"Haka ne, Umma."

"Shekara talatin da takwas ban taɓa faɗin sunansa ba. Amma in ka ba ni takardar nan yanzu, da manyan baƙaƙe zan rubuta shi, har da na kakansa mai jakuna."

"Umma, ki rufa mini asiri."

Ta gyara mayafinta. Sa'an nan ta ce, "Allah ya ba ka ɗa mai yi maka abin da ka yi," ta ɗan yi tunani, ta ƙara da cewa, "Allah kuma ya sa kada ka ba shi dalili."

Zaman kotu bai kai minti goma sha biyar ba. Mai shari'a, wata mata mai tabarau a kan hanci, ta ɗaga hoto na huɗu, ta dubi Nazifi, ta ce a fili yake cewa ba shi ba ne wannan. Ya san ko wane ne? Ya ce ya sani. To wane ne? Nazifi ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a gaba, irin tsayuwar da a Malumfashi ake nuna wa yara a ce su yi koyi. A Ingila wannan tsayuwa taurin kai ake kiranta. Aka tara maki, suka wuce goma sha biyu da rarar da za ta ishi wani direban. Aka karɓe lasisi na wata shida, takardar izinin tasi ta bi bayansa, aka yanka tarar da aka yarda ya biya kashi takwas.

A Funtuwa kuwa labari ya bunƙasa yadda ya kamata. A makon farko akwati ɗaya ne. Kafin wata ya ƙare sun zama bakwai, dattijo mai kare ya zama babban kwamishinan hanyoyin Ingila mai ritaya, kare ya zama biyu. Majalisa ta yi ittifaƙi cewa Turawa ma mutane ne, sai dai ba a iya tafiyar da su ba. Wani mai shirin zuwa ganin ɗansa ya rubuta sunan ƙauyen a bayan katin waya.

Wata ranar Laraba da la'asar, wani malamin makaranta mai ritaya, wanda aka san shi da gardama, ya ce shi fa ya ji ana cewa tarar Turawa ta gidan waya take zuwa. Majalisa ta zuba wa gwarzo ido. Alhaji bai yi fushi ba. Ya ciro waya, ya buga, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma.

Wayar ta sami Nazifi a gindin wani tudu, cikin ruwan sama, a kan keke, da jakar kai abinci a bayansa mai ɗauke da shinkafar wani. Da ya ga mai kira sai ya sauka, ya jingine keken, ya ɗan rusuna a bakin titi, har wata mata mai lema ta tambaye shi ko lafiya.

"Injiniya! Ga ni a majalisa, ga masu musu. Faɗa musu da bakinka: tun da na baro ƙasar nan, an ci ni tara?"

"Wallahi, Baba, ko sisi ba a ci ku ba."

Majalisa ta ɗauki kabbara. Aka ji muryar Alhaji a sama da ta kowa yana cewa, "Cinya ɗaya! Cinya ɗaya tak!" Sa'an nan ya tambayi takwaransa, ya tambayi motar, ya ba da shawara a sayar da ita a sayi mai gudu.

"In sha Allahu, Baba. A gaida Umma."

Da aka kashe, Nazifi ya share ruwan da ke kan gilashin wayar da hannun riga. Akwai saƙon tunatarwa da ya shigo tun safe. Ya buɗe, ya danna, ya biya kashi na uku cikin takwas, ya mayar da wayar cikin leda. A gefen hanya wani allo yana cewa kada a wuce ashirin. Ya hau keke, ya fara taka tudun, shinkafar mutane na hucewa a bayansa.